Wa Zai Je Gwanja Bana?

Mu nan ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci, har zuwa Bici da Tsanyawa, gona ce ke tsara mana shekara. Ruwa yakan zauna daga watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A girbe gero, a rori wake, a cire gyaɗa, a yanke dawa, a ɗaure kara a jingine shi a gindin gawo. Daga nan hazo ya sauko, sai kowane saurayi ya fara lissafin inda zai nufa. Ƙasarmu a cike take da mutane tun kaka da kakanni. Gona na manne da gona, babu saura, babu daji, kuma kowace an raba ta gado bayan gado har ta koma 'yar tsiririya. Wanda ba shi da fili a bakin dam ɗin Tomas ko na Watari, zaman rani a gida ba ya ƙara masa komai, sai dai ya rage abin da ke cikin rumbu. Shi ya sa a wurinmu cin rani gado ne, ba mai jin kunyarsa.

Wuraren da muka saba zuwa sanannu ne. Wasu birni kawai suke shiga, su yi dako a Dawanau ko Singa ko Kantin Kwari, ranar Juma'a su leƙo gida. Wasu Abuja, wasu Legas, wasu Fatakwal: acaɓa, ga-ruwa, gadi, yankan farce, turin baro, duk abin da ya samu na halal. Amma bana a majalisarmu ta bayan isha'i, kan bencin da ke gefen teburin mai shayi, sunan da ya fi yawo a baki shi ne Gana. Samari ne suka ɗauko zancen. A wayoyinsu suna ganin 'ya'yan Turawa sa'anninsu, kowa da ƙatuwar jaka goye a baya, suna zaga ƙasashe masu zafi da sauƙin rayuwa, suna kwana a ƙananan masaukai, suna cin abincin bakin titi, suna cusa kai a motar haya tare da talakawan gari, don ɗan kuɗinsu ya kai su nesa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "To mu me ya hana mu? Jaka muna da ita. Abincin bakin titi kuwa da ma shi muke ci duk rani."

Tsofaffi ba su yi mamakin hotunan ba. Titin nan da ya ratsa Dambatta, ya bi Kazaure da Daura, ya tsallaka iyaka a Kwangwalam ya nufi Damagaram, yana cikin hanyoyin da irin waɗannan baƙi ke biyowa a shekarun 1970 da 1980, bayan sun keto Sahara ta Agadas. Motoci duk ƙura, jarkoki ɗaure a sama, su tsaya su sayi rake da dafaffen ƙwai, su wuce Kano don ganin marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi da dutsen Dala. Wani kawunmu da ya daɗe yana safarar goro, har yanzu yakan leƙa kasuwar Mariri, shi ne ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ku yara, ku daina kallon Bature da jaka. Ƙasar da kuke kira Gana, mu Gwanja muka taso muka ji ana ce mata, kuma a ƙafa kakanninku suke zuwa."

Maganar Kawu gaskiya ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 kuwa fataucin goro ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Ayari yakan tashi da ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki na kula da biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da ake ratsa ƙasarsu. A ɗauki kanwa, da baƙin yadi na marinar Kura, da jemammun fatu, da gabu. A tsallake Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yendi, a sauka Salaga. Watanni ake yi a zuwa, watanni a dawowa, ana kwance huhun goro ana yayyafa masa ruwa ana tsince mai tsutsa don kada ya ɓata sauran. Agalawa da Tokarawa da suka riƙe wannan sana'a, da yawansu mutanen ƙauyukan Kano ne, manoma irinmu, masu neman abin yi idan damina ta wuce.

Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu: wasu Karaci, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu har bakin teku, birnin da taswira ke rubutawa Accra, mu kuma tun dā Ankara muke ce masa. Cikin waɗanda suka koma Karaci akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya yi limanci da karantarwa da rubuce-rubuce a can har ya rasu a 1934. Alhasan Ɗantata ma, da aka haifa a Bebeji a 1877, yana saurayi ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa a Ankara. Goro ya fara ɗora wa jirgin ruwa zuwa Legas tun kafin gyaɗa ta ɗaga sunansa. Duk wanda ya san dalar gyaɗar Kano ya kamata ya san cewa jarin farko ta hanyar Gwanja ya biyo.

Abin da waɗannan mutane suka bari a baya, shi ne ainihin dalilin da ya sa nake goyon bayan samarinmu. Duk inda ayari ya saba yada zango, wani ya zauna, ya yi aure, ya gina masallaci, ya zama maigidan baƙi. Yau daga Legas har Kumasi zangunan nan a jere suke kamar kunyoyin gona, in ka taka ɗaya, ta gaba na nan kusa da ƙafarka. Kwatano na da Zango. Lome na da Zango. A Ankara akwai Nima da Mamobi da Madina da Fadama, ga Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase, da Sarkin Zango mai fadarsa da hakimansa. Zangunan sun yi yawa da ƙarfi har gwamnatin Gana ta kafa musu ma'aikata a 2017.

Ga yadda namu yake sauka a irin waɗannan wurare, kuma duk wanda ya taɓa cin rani ya san tsarin ko ba a faɗa masa ba. Ka sauko daga mota, ka tambayi masallaci. Ka yi sallah cikin jam'i, ka jira a watse, ka matsa ka durƙusa ka gai da liman. Zai tambaye ka daga ina. Ba za ka ce Nijeriya ba, ba za ka ce Kano kawai ba. Ka faɗi ƙauyenku, ka faɗi gidan da ka fito. Da wuya a yi sallah biyu ba a samo wanda ya ce kakansa mutumin Bici ne, ko matar wansa 'yar Kazaure ce ba. Daga nan an ba ka tabarma a zaure ko a shago, an aiko da ƙwaryar abinci daga cikin gida. Bature yana neman masauki mai arha a waya. Mu namu masaukin kakanni suka gina shi tun kafin a haife mu. Sai dai shi ma yana da ƙa'ida. Ba a zuwa hannu rabbana: ƙullin kuka, ɗan daddawa, kilishi ko kwalbar man shanu, duk suna buɗe fuska. Bayan kwana uku ka daina zama baƙo, ka tashi ka yi shara, ka ɗebo ruwa, ka sa hannu a aljihu idan ana cefane. Wanda ya ɓata a gidan maigida, ya rufe ƙofa ga duk ɗan garinsu da zai biyo baya, shi ya sa muke jan kunnen yaranmu a kan wannan fiye da komai.

Harshe ma ba ya ba mu wahala. A zangunan Gana, Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da Bakotokole da Bafulatani, idan sun haɗu, da Hausa suke ciniki. Hausarsu ta ɗan sha bamban da tamu, ba su cika raba mace da namiji a magana ba, sun kuma cuɗa ta da kalmomin Tonawa da na Ingilishi, amma kwana biyu ya isa kunne ya saba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar Musulmi ne, saboda haka kiran sallah da yankan halal ba abin nema da fitila ba ne.

Da aka zo kan abinci, majalisa ta ɗauki zafi, don kowa yana da ta cewa. Wani direban babbar mota da ya sha kai wake can daga Dawanau ya ce, "Yaya, da asuba in ka fito a Nima, sai ka rantse a Kurna kake. Ga mai koko, ga mai ƙosai, ga mai shayi da biredi." Kokon gero da citta da kanumfari, har mutanen kudancin ƙasar da sunan Hausawa suke kiransa. Shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja, ta zama abincin ƙasa baki ɗaya, daga ma'aikacin banki har ɗan dako. Tuwo yana nan, fura tana nan, tsire yana nan. Sannan ga nasu da ya kamata baƙo ya ɗanɗana: dokunun masara da soyayyen kifi da baƙin yajinsu mai man gyaɗa da busasshen kifi, da sakwarar rogo da ayaba cikin miyar gyaɗa. Direban ya ce ranar farko tsamin dokunu yakan sa baƙo ya yamutsa fuska, ranar uku shi ke neman ƙari.

Mai shayi ne ya dawo da mu kan lissafi, da ma shi ne mai riƙe da littafin bashin unguwa. Ya ce, "Alhaji, ku daina cewa arha kuna ruɗin yara. Nairar yau ba ta jiya ba ce." Ba wanda ya musa masa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota ya ninka, darajar abin da ke aljihunmu ta zube. Mai zuwa Gana ta ƙasa sau biyu zai yi canji: naira zuwa sefa a Benin da Togo, sefa kuma a ɗaure take da yuro, ba ta sauka don tausayinmu, sannan ya canja zuwa sidi. Kowane canji da abin da yake yagewa. Wanda zai kama ɗakin otal ya ci a gidan abinci mai fanka, Gana ba ƙasa mai arha ba ce gare shi. Sauƙin da muke magana yana cikin yadda muke tafiya ne. Guzurinmu daga gida yake: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dakuwa, gyaɗa soyayya. Jakar ba ta wuce riguna biyu, bargo, buta, tabarmar sallah, tocila da gidan sauro. A can kuma motocin hayarsu na cikin gari, da suke kira turoturo, su ne na talaka. Mutum uku in suka haɗa kai, tukunya ɗaya, ɗaki ɗaya, kuɗin da mutum ɗaya zai ƙarar a mako sai ya kai su wata.

Abu guda ne a cikin tsuminmu da ba na goyon baya ko kaɗan: hawa saman tirela a kan kaya ko tare da shanu don a rage kuɗin mota. Babu ƙauye a ƙasar nan da bai san gidan da aka yi zaman makoki saboda wannan ba. Wanda kuɗinsa bai kai kujera ba, ya ƙara tari, ya bari sai baɗi.

Sai batun takarda, wanda yaranmu suka fi raina wa. Ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975 ta amince tun 1979 cewa ɗan ƙasa ɗaya na iya shiga ɗaya ba biza ya zauna har kwana 90. Wannan babbar dama ce, amma ba ta aiki sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, ruwan ɗorawan nan da ake tambaya a kan iyaka. Daga Legas zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, bai kai rabin nisan Kano zuwa Legas ba, amma iyaka uku ce: Seme, sannan Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo da ke manne da birnin Lome. A kowace ka sa a buga maka hatimi. Akwai shingaye a hanya, akwai masu miƙo hannu, wannan duk mai bin hanyar ya sani; amma mai cikakkiyar takarda da bakin magana yake tsayawa, wanda ya bi ta bayan gari kuwa duk abin da aka ce ya bayar sai ya bayar. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, kada lokacin sallah ya rikice maka.

Wani yaro ya tambayi Kawu, "Baba, ba gara mu bi ta Maraɗi ba? Ai ta fi kusa da mu." A dā haka ake yi: Jibiya, Maraɗi, Ƙwanni, Doso, Yamai, a ratsa Burkina Faso a faɗo arewacin Gana ta Paga ko Bawku, hanyar da motocin albasar Galmi suka saba bi. Yanzu gabashin Burkina da yammacin Nijar suna fama da 'yan bindiga, Bawku kanta tana da rikicin sarauta da ke tashi lokaci-lokaci, ga shi Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairu 2025. Kawu ya ce, "Ɗana, bi ta bakin teku. Nisa ba ya kisa." Mai unguwa da ya yi shiru tun farko ya ƙara da cewa shi duk wanda ya zo masa da zancen Gana zai sa masa albarka, wanda ya zo da zancen Agadas da Libiya ne ba zai saurara ba. Ya ce ga ƙasa da doka ta ba ka izinin shiga da rana tsaka, ga masallaci, ga dangi, ga mota mai dawowa duk ranar da ka so; me zai kai ka hannun masu safarar mutane a cikin rairayi?

To in an je, me za a gani? Nan ne nake ganin manomi ya fi ɗan birni cin riba. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu, ya kamata sau ɗaya a rayuwarsa ya ga ƙasar da ke damina biyu a shekara, inda masara ke nuna sau biyu a gona ɗaya. Ya ga kurmi da itatuwan da sai ya ɗaga kai hularsa ta faɗi kafin ya hango ƙarshensu. Ya tsaya a gindin icen goro. Duk aurenmu da sunanmu da gaisuwar surukanmu da goro ake yi, amma a majalisarmu kaf mutum biyu ne suka taɓa ganin yadda yake fitowa cikin kwanso, ana fasawa ana jiƙawa ana ɓare masa farar riga. Ya ga gonar koko, yadda ake dasa ayaba ta yi wa ƙananan itatuwan inuwa, yadda ake tara 'ya'yan a lulluɓe da ganye kwanaki kafin a shanya. Wanda ya saba barin gawo da ɗorawa a tsakiyar gonarsa zai gane hikimar nan take, zai kuma dawo da tambayoyi a kan tasa gonar.

Ga teku, wanda da yawanmu a talabijin kawai muka sani, da masunta masu jan koma da waƙa tun sanyin safiya. Ga madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta haifar da tafkin Bolta, ɗaya daga cikin mafi faɗi da ɗan'adam ya tara a duniya. Tsohon garin Karaci inda Alhaji Umaru ya zauna, ruwan tafkin ya ci shi, aka mayar da mutanen sabon wuri. Ga kasuwar Kejetiya a Kumasi, inda ko ɗan Kwari sai ya riƙe hannun ɗan'uwansa. Mai sauran guzuri ya haura arewa ta Tamale, ya ga tsohon masallacin Larabanga na ginin laka da sandunan itace suka fito a jikin bangonsa, ya shiga dajin Mole da ke kusa ya ga giwa da idonsa.

Limamin unguwarmu ya ce in da shi ne, wurare biyu ba zai tsallake ba. Na farko Salaga. Ya ce, "Kada ku je kuna alfahari da goro kaɗai. A kasuwar nan an sayar da mutane, rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa suna nan, kuma fataken ƙasar Hausa suna cikin masu saye. Ku je ku gani, ku yi istigfari, ku yi wa waɗanda aka raba da iyayensu addu'a." Haka gidajen kurkukun bakin teku, irin na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda ake tsare mutane a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kafin a zuba su a jirgi. Na biyu, babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Ankara, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe a 2021. Ya ba mu labarin Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin Gana tun 1993, wanda aka haifa a 1919, yadda a bikin cikarsa shekara 100 ya taka da ƙafarsa ya ziyarci cocin Katolika a Ankara don ƙarfafa zaman lafiya. Wani saurayi ya ce, "Allah gafarta Malam, a nan da an yi ta surutu." Liman ya ce, "Shi ya sa nake so ku je. Ku ga yadda masu ƙaranci suke zama da masu yawa ba tare da sun saki addininsu ba."

Kada kuma a ce mun ɓoye wa yara ɗacin abin. Baƙo baƙo ne ko a ina. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice daga Gana, dubban 'yan Nijeriya suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka.  A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka kwashe kayansu a cikin jakar ledar nan mai ratsi-ratsi da yanzu mu muke zuba namu kayan cin ranin a ciki. Izinin kwana 90 na ziyara ne. Dokar Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'i irin su talla, da kasa kaya a kasuwa, da aski, kuma a 2019 da 2020 an garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a kan haka. Akwai masu ruɗin samari da haƙar zinariya ta ɓoye a cikin daji. Rami yana rufta wa mutane, hukuma tana kamawa, ruwan garuruwa yana lalacewa. Wanda kuɗi zalla yake nema a ranin nan, ni dai shawarata ya tsaya Legas ko Abuja. Tafiyar Gana ta wanda ya ɗan tara ce, yake so ya ga duniya, ya nemo dangi, ya ƙulla sanayya da 'yan albasa da 'yan wake da 'yan shanu, sanayyar da wata rana za ta iya zama ciniki tsakanin Dawanau da can.

Mata ma ba su bar mana zancen ba. Da labari ya shiga cikin gida, wata goggonmu mai ƙuli-ƙuli ta aiko a kira mata ɗan ƙanenta, ɗaya daga cikin masu shirin tafiya. Ta ce yayarta tun tana budurwa aka kai ta aure Kumasi, 'ya'yanta da jikokinta suna Aboabo, sai dai murya a waya. Ta ce, "In ka je ba ka nemo mini su ba, kada ka shigo gidan nan." Ta fara ɗaura masa ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya tun ba a sa rana ba. Sauran matan kuma tsaraba suke lissafawa: sabulun salo, man kaɗe, turmin atamfa ko da ɗaya ne a raba, da farin goro na gaban goshi don kai wa surukai. Wata amarya ta ce ita tsarabarta ɗaya ce, mijinta ya kira ta duk daren Juma'a, ya kuma bar mata abin cefane da zai kai ta har ya dawo. Mai unguwa ya ce wannan sharaɗi ne, ba roƙo ba.

Zuwa yanzu samari uku ne suka tsaya da gaske. Adashi suka yi tun daga kaka, kowa kuma yana da tunkiya ko ɗan akuya da zai kai kasuwar Dambatta ranar Lahadi. Biyu sun karɓo takardunsu, na ukun yana jiran katin allura. Direban ya yi musu alkawarin haɗa su da maigidansa a Nima, Kawu ya ba su sunan wani gida a Zangon Kwatano inda za su kwana idan dare ya yi musu. Mai unguwa ya tara su gaban iyayensu ya ce, "Na yarda, amma da sharuɗɗa. Ba mai hawa saman kaya. Ba mai rabuwa da 'yan'uwansa. Ba mai karɓar saƙon da bai ga cikinsa ba. Kuma kafin watan Mayu ya raba ina son ganinku a nan, don taki ba zai kai kansa gona ba, sharar gona ma ba za a bar wa tsofaffi ba." Suka ce, "Ranka ya daɗe, mun ji." Ƙanen ɗayansu, mai shekara goma sha biyar, ya riga ya je wurin mai shayi ya ce a buɗe masa shafi a littafi, zai fara ajiye nasa na baɗi.